Hannu da Shuni

Kalmar hannu tana daga cikin kalmomin da Hausa ta ɗora wa kaya masu yawa, har mai magana yakan furta ta sau da dama a yini ba tare da gaɓar da ke ɗauke da sunan ta faɗo masa a rai ba. Idan aka ce wane yana da hannu a cikin wani al'amari, ana nufin alhakin abin ya hau kansa. Idan ya sa hannu a takarda, ya ɗaure kansa da abin da ke cikinta ke nan. Idan kuwa ya tsame hannunsa, to ya fita daga sha'anin. Dukiyar da mutum ya zuba a kamfani hannun jari ce, gargaɗin da aka yi a sakaye hannunka mai sanda ne, baƙon da aka yi murna da zuwansa an karɓe shi hannu bibbiyu, talakan da ba ya kwana da ragowa kuma yana zaman hannu baka hannu ƙwarya. A duk waɗannan maganganu hannu yana tsayawa ne a madadin mutum ɗungurungum, da niyyarsa da amanarsa da abin da ya mallaka. Wuri ɗaya da kalmar take rasa wannan nauyi shi ne jadawalin darussan makarantar boko, inda “aikin hannu” ya zama sunan darasin da ake turawa ƙarshen yini, wanda kuma shi ake fara sadaukarwa duk lokacin da jarrabawa ta gabato ko malami ya yi ƙaranci.

Aikin hannu a nan suna ne da ya tattara dangin darussa guda, waɗanda manhaja, wato tsarin abin da hukuma ta ƙayyade a koyar a kowane aji, take rarrabawa ƙarƙashin sunaye daban-daban: zane da ƙawa, kiɗa da waƙa, noma, girki da ɗinki, sassaƙa da ƙira, da wasannin motsa jiki. Abin da ya haɗa su shi ne saninsu yana cikin aikata su, ta yadda wanda ya haddace bayanin yadda ake dasa tumatir amma bai taɓa dasawa ba har yanzu bai shiga darasin ba. Waɗanda suka yi firamare a shekarun baya suna tuna ranar aikin hannu, lokacin da yara kan zo da kaba su saƙa faifai ko mafici, su tufka igiya, su ɗaure tsintsiya, su cuɗa yumɓu su gina ƙaramar tukunya, malami kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Sannu a hankali, a makarantu da yawa, sai aikin ya koma gida, inda uwa ko yaya kan yi wa yaro. Daga nan ya koma kasuwa, inda ake sayen tsintsiyar a kai wa malami. A wasu wuraren ma aka daina wahalar zuwa kasuwa, ana karɓar kuɗin tsintsiyar a rubuta maki. Asarar da ke cikin wannan ta wuce rashin iya ɗaure tsintsiya, domin yaro ɗan shekara tara ya koyi cewa ana iya samun sakamakon aikin da ba a yi ba, kuma a makaranta ya koye shi, a darasin da aka tanada don ya nuna masa akasin haka.

A cikin duk maganganun da aka gina a kan hannu babu wadda ta kai “masu hannu da shuni” ɗaukar tarihi. A yau attajirai ake nufi da ita, kuma mai faɗarta yakan hango mota da babban gida, amma shuni launin da ake samu ne daga ganyen baba, kuma hannun da yake ɗauke da shi hannun marini ne, wanda ya yini a bakin karofi yana tsoma zane yana fitarwa har launin ya kama fatarsa ya ƙi wankuwa. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, da marinan Kura da suka shahara da baƙin rawani mai sheƙi wanda Buzaye ke so, suna cikin ginshiƙan arzikin ƙasar Kano na ƙarnuka, kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya iso birnin a 1851, ya yi bayani mai tsawo a kan yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suke kaiwa har Timbuktu da ƙasashen hamada. Rini kuwa ilimi ne mai ƙa'idoji, domin sai an san gwargwadon baba da toka da katsi, an san kwanakin da ruwan yake buƙata kafin ya nuna, an kuma san cewa zane yana fitowa daga karofi da ɗan kore-kore ne, sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi. Abin da littafin kimiyya yake bayyanawa da alamomi game da haɗuwar sinadari da iska, marini yana ganinsa yana faruwa a tafinsa. Harshen da ya ɗauki tabon sana'a a fatar mutum ya mayar da shi sunan wadata ya fito ne daga al'ummar da ta san inda dukiyarta take fitowa.

Kalmar gwani ma tana ba da irin wannan shaida. A tsangaya, wato makarantar allo ta haddar Alƙur'ani, gwani shi ne wanda ya kai maƙura, ya haddace, ya ƙware, har yana iya rubuta Littafin da ka. Amma da wannan kalma ɗin aka yi wa maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, a farkon rabin ƙarni na 19, laƙabin Babban Gwani, saboda bakan gizon da ya ɗaga da azara da ƙasa wanda masana gine-gine suke zuwa kallo har yau. Ba a ga bukatar a nemi wata kalma ta daban don a bambanta ƙwarewar mai alƙalami da ta mai tubali ba. Karatun allo kansa cike yake da aikin hannu, tun daga feƙe alƙalami da dafa tawada da wanke allo har zuwa zayyana, wato adon launuka da ake yi wa allon ɗalibi lokacin sauka, kuma almajirai da dama sun riƙe kansu da ɗinkin hula da aikin wuyan riga. Ruwayar da ta shahara game da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ita ce yana tufkar igiya don ya ci daga guminsa, kuma ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje kan ƙa'idojin mulki, ya sanya kula da masu sana'a da wadata garuruwa da su cikin wajiban shugaba. Tushen wannan ra'ayi sananne ne ga kowane ɗalibin addini, tun da an yabi Annabi Dawuda, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da cewa daga aikin hannunsa yake ci.

Duk da haka, rashin adalci ne a ɗora wa boko dukkan laifin raina aikin hannu, domin al'adar Hausa tana da nata tsani da take jera sana'o'i a kansa. Sarauta da malanta da fatauci suna sama, noma yana da kirarinsa na na-duƙe tsohon ciniki, amma fawa da jima da wanzanci da kiɗa sana'o'in gado ne waɗanda a wurare da dama ake duban masu yinsu da wani ido, har abin yakan shiga maganar aure. Makaɗi yana iya cika fada da murya, sarki ya yi masa kyautar doki da riga, amma sunan aikinsa roƙo, kuma uban da ba a gidan kiɗa aka haife shi ba da wuya ya yi farin ciki idan ya ga ɗansa da kalangu a hammata. Ga kuma saɓanin malamai game da hukuncin wasu kayan kiɗa, wanda ya sa iyaye da yawa suke ɗari-ɗari da darasin tun kafin su ji abin da ya ƙunsa. Makarantar da za ta sa ɗan malami da ɗan maƙeri su zauna a gaban zuga-zugi ɗaya tana taɓa wani tsohon tsari ne na wane-ya-fi-wane, kuma shirun da ake yi a kan wannan yana cikin dalilan da suka sa kyawawan manufofi suke mutuwa a takarda.

Boko bai shigo Arewa hannu rabbana ba ta wannan fuska. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'o'i, inda ake aikin fata da ƙira da kafinta, a gefen ajin malamai da na 'ya'yan sarakuna, kuma daga baya an kafa makarantun sana'a a larduna kafin a haɗe su da sauran a samar da makarantun midil a wajajen 1930. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta ba wasanni muhimmanci sosai, musamman fayif, wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya ƙware a kansa kuma bai rabu da shi ba har bayan ya zama Firimiya. Sai dai jama'a sun lura da abin da ya fi manhaja ƙarfi, wato inda kowace hanya take kai mai binta. Wanda ya iya Turanci da lissafi yakan zama akawu ko malamin hakimi, ya samu albashi da kujera, wanda ya fito sashen sana'a kuwa yakan koma bakin aikin da ubansa yake yi ba tare da ya je makaranta ba. A sauran ƙasashen Afirka ma, bayan rahotannin hukumar Phelps-Stokes na 1922 da 1925 sun ba da shawarar a karkata ilimin 'yan ƙasa ga noma da sana'a, 'yan boko na farko sun yi zargin cewa dabara ce ta hana baƙar fata hawa manyan muƙamai, kuma zargin yana da dalili, tun da masu ba da shawarar ba irin wannan ilimi suke ba 'ya'yansu ba. Daga nan makaranta da sana'a suka fara yin hannun riga a zukatan iyaye.

An yi yunƙuri mafi girma na sake haɗa su bayan taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, wanda ya haifar da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982. Nufin tsarin shi ne kowane ɗalibin ƙaramar sakandare ya ɗanɗani aikin katako da ƙarfe da lantarki da noma da tattalin gida, ta yadda bayan shekara 3 za a gane inda baiwarsa ta fi ƙarfi. An sayo injuna daga ƙasashen waje an rarraba, kuma da yawansu sun tsufa a cikin akwatunan da aka kawo su, saboda babu ɗakin da za a kafa su, babu wutar da za ta juya su, babu malamin da aka horar a kansu. A 2011 an sake gwadawa da sanya darussan sana'a 34 a babbar sakandare, aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya, sai makarantu da dama suka zaɓar wa ɗalibansu waɗanda za a iya koyarwa da alli da allo kawai.

Abin da yake maimaita wannan sakamako shi ne jarrabawa, domin ita ce ke yanke wa kowane darasi darajarsa a idon ɗalibi da uba da shugaban makaranta. Shiga jami'a yana bukatar kiredit 5 da suka haɗa da Turanci, sannan jarrabawar JAMB, wadda tambayoyi ne na zaɓi-ɗaya da ake amsawa a kwamfuta, kuma babu inda za a nuna wa kwamfuta kujerar da aka haɗa ko kunyar da aka yi. Saboda haka kowane darasi na hannu da yake son ya rayu sai ya rikiɗe ya zama na takarda: noma ya zama jerin sunayen cututtukan shuka, motsa jiki ya zama haddar tsawon fili da faɗinsa, kiɗa ya zama ma'anar kalmomi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba amma ya san kima, kuma da irin wannan ido ne maigidan sana'a yake auna yaronsa, ya ɗauki takalmin da ya ɗinka ya juya shi sau ɗaya ya san ko ya isa a yaye shi. Wannan awo gaskiya ne, sai dai yana bukatar ƙwararre da lokaci da amana, abubuwa uku da suka fi buga takardar tambayoyi tsada, kuma tsarin da yake jarraba ɗalibai fiye da miliyan a shekara yakan zaɓi abin da ya fi sauƙin ƙirgawa.

Idan mai koyon aiki ya daɗe yana yi har ya daina tunanin kowane motsi, sai a ce hannunsa ya faɗa. Maganar tana nuni da wani irin sani da yake zama a jiki, wanda mai shi sau da yawa ba ya iya bayyana shi da baki: yadda mai tuwo take sanin lokacin da za ta zuba gari daga nauyin muciya, ko yadda maƙeri yake karanta zafin ƙarfe daga launinsa kafin ya ɗora shi a kan uwar maƙera. Hanyar samunsa ɗaya ce, a yi, a ɓata, a sake. Kuma a nan ne babbar fa'idar waɗannan darussa take, wadda ta shafi tarbiyya kai tsaye, domin kayan aiki ba sa karɓar uzuri kuma ba a yi musu satar amsa. Igiyar da ba a tufka da kyau ba za ta tsinke ko da wane ne uban mai ita, irin da aka binne da zurfi ba zai tsiro ba, tukunyar da ba ta bushe ba za ta fashe a wuta. Yaron da ya gamu da wannan tun yana ƙarami ya san cewa akwai gaskiyar da ba ta dogara da ra'ayin malami ba, ya san haƙuri da maimaici, ya kuma ɗanɗani daɗin nuna abu ya ce shi ya yi shi. Yaron da karatu yake yi wa nauyi, wanda ya saba zama a bayan aji, sau da yawa a nan ne kaɗai ake ganin ya fi kowa, kuma wannan rana ɗaya tana iya zama abin da zai riƙe shi a makaranta.

Saboda wannan ne hujjar da aka fi kawowa a yau, cewa a koyar da sana'a don maganin zaman kashe wando, take da rauni duk da gaskiyar da ke cikinta. Idan amfanin aikin hannu shi ne kawai ya zama mafaka ga wanda bai samu aikin ofis ba, to an riga an sanar da ɗalibi cewa darasin na waɗanda suka kasa ne, kuma duk mai ƙoƙari zai guje shi. Likitan fiɗa da injiniya da mai binciken kimiyya duk da hannu suke aiki, kuma wanda bai taɓa riƙe zarto ko allura ba yakan isa ɗakin gwaje-gwaje na jami'a yana tsoron kayan da ke gabansa. Ƙasar Finland ta sanya aikin hannu cikin darussan makarantun jama'a tun 1866, bisa jagorancin Uno Cygnaeus, da niyyar gina hankali da halin kowane yaro, kuma har yanzu darasin yana cikin manhajarta ga yara maza da mata.

Wasa da waƙa suna da nasu matsayi a wannan magana, kuma su ma hannu yana cikinsu, tun da gaɗa, wato waƙar 'yan mata ta dandali, ba ta bukatar wani kayan kiɗa sai tafi. A dandali ne yara suke koyon amshi da jiran layi da ƙirƙirar baiti nan take, a langa da kokawa suke koyon faɗuwa a tashi ba tare da riƙo ba, a tashe kuma suke kwaikwayon manya suna yi musu hannunka mai sanda. A da makaranta ba ta da bukatar koyar da waɗannan, domin unguwa ta ɗauke mata. Yanzu da filaye suka zama shaguna, dare ya zama abin tsoro a garuruwa da yawa, waya kuma ta riƙe yara a ɗaka, makaranta ta zama kusan wuri ɗaya da ya rage inda yara da yawa suke haɗuwa a sarari, alhali makarantu masu zaman kansu da dama a cikin gidajen haya suke, ba su da filin da yaro zai yi gudu. Duk da haka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta yake jikin takardar naira 20, digirin girmamawa a 1977, ta kuma ba mawaƙi Alhaji Mamman Shata a 1988, wanda hakan shaida ce daga ƙololuwar boko cewa abin da suka iya ilimi ne. Ladi Kwali a wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane kafin a 1954 ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu.

Wannan ya kawo maganar wanda zai koyar. A kusan kowane gari akwai baduku da tela da masassaƙi da mai gyaran waya waɗanda suka fi duk wani littafi sanin aikinsu, amma ƙa'ida ta ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce takardar NCE, wadda yawancinsu ba su da ita, yayin da mai takardar sau da yawa shi ma a kan allo ya koyi sana'ar. Babu abin da zai hana a haɗa su biyun a aji ɗaya, malami yana riƙe da tsari da bayani, mai sana'a yana nuna aiki, a biya shi ladan sa'o'insa, a kuma sa ra'ayinsa cikin makin da za a ba ɗalibi. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na injin da zai zauna a akwati ba. Haka nan gonar makaranta tana fama da wata matsala da ba ta kuɗi ba, wato kalanda. Dogon hutu yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai tsakiyar damina, don haka ɗaliban da suka yi shuka a watan Yuni sukan tafi gida lokacin da gona ta fi bukatar maimai da taki, su dawo gero ya riga ya nuna ko ciyawa ta cinye shi. Makarantar da take da rijiya ko famfon burtsatse za ta fi cin riba idan ta mayar da darasin lambun rani, a zangon farko da na biyu, inda salak da alayyafo suke isa girbi cikin makonni kaɗan, albasa da tumatir kuma cikin 'yan watanni, ta yadda ɗalibin da ya yi reno ya dasa shi ne zai yi ban ruwa, ya cire, ya auna, ya kuma lissafta abin da aka kashe da abin da aka samu.